A BAR BABA YA ƊAUKI BUTARSA

Akwai wata ɗabi'a da ake yi kusan a kowane gida, ana ɗaukarta tarbiyya ce tsagwaronta, kuma lallai asalinta tarbiyyar ce, amma idan aka zura mata ido da kyau sai a tarar tana tattare da wata ɓoyayyiyar illa da ba kowa ya lura da ita ba. Dattijo ne ya ba shekara sittin baya, da ƙarfinsa da lafiyarsa, ya miƙe zai ɗebo ruwa a randa, sai yaro ya zabura, “Baba kawo, Baba zauna.” Ya sunkuya zai naɗe tabarma, “Baba bari.” Ya ce zai taka zuwa kasuwa, a ce ina, ga babur nan, ya hau a kai shi. Damina ta faɗi ya ɗauko fartanyarsa, sai 'ya'ya su taru su ce wannan abin kunya ne, mutanen unguwa za su ce sun bar mahaifinsu yana wahala. Shi ke nan sai a girke shi a zaure, daga buzu sai dakali, daga dakali sai gado. Kafin shekara biyar, mutumin da ake kira idan za a ɗaga buhu ya zama sai an kama shi sannan ya tashi daga zaune. Sai kowa ya girgiza kai ya ce ai tsufa ne.

Tsufa gaskiya ne, babu mai ja da shi, kuma duk wanda ya yi tsawon rai zai ɗanɗana. To amma fa ba duk raunin da ake jingina wa tsufa ba ne nasa. Kaso mai yawa na zama ne, zaman da 'ya'ya da jikoki suka ɗora wa tsoho da kyakkyawar niyya. Wannan magana kuwa ta shafi matashi ta fuska biyu: yana da uba ko kaka a gida yau, shi ma kuma hanyar da suka bi ita zai bi gobe.

Masana jikin ɗan Adam sun daɗe da gano cewa daga wajen shekara 30 tsokar jiki takan fara raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, idan aka haura 60 kuma abin ya ƙara gudu. Wani likitan Amurka mai suna Irwin Rosenberg shi ya raɗa wa wannan zaizayewa suna a 1989, ya haɗa kalmomi biyu na harshen Girka masu ma'anar talaucin tsoka. Sunan ya dace, domin yadda talauci kan shigo gida ba da sallama ba, haka wannan yake shiga jiki. Babu zazzaɓi, babu ciwon kai. Hasali ma sau da yawa sikeli ba ya nuna komai, saboda kitse yana maye gurbin tsokar da ta tafi, sai a ga mutum ya yi tumbi ya yi wuya a ce hutu ya karɓe shi, alhali cinyoyinsa sun zama kara.

Kuma tsokar ba iri ɗaya ba ce. Akwai zaruruwan da aikinsu juriya ne, su ne suke ɗauke da mutum a doguwar tafiya, akwai kuma masu zabura, waɗanda ake kira idan za a ɗaga abu mai nauyi, ko a yunƙura a tashi, ko a yi wuf a dafe bango lokacin da ƙafa ta yi tuntuɓe. Waɗannan na biyun su tsufa ya fi ci, kuma su ne jiki ba ya taɓa su sai an aza masa nauyi. Ƙa'idar jiki ke nan, abin da ba a mora ba ya ci gaba da ciyar da shi. Don haka dattijon da aka karɓe wa buta da guga da fartanya, an karɓe masa abubuwan da suke tunasar da jikinsa cewa har yanzu ana bukatar wannan tsoka.

Wanda yake ganin an kambama abin, ga abin da aka gwada a jihar Akansas ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 2007. An samu dattawa 12 masu cikakkiyar lafiya, shekarunsu a tsakaice 67, aka kwantar da su a gado kwana 10 cur, ana ba su abinci isasshe. Da suka tashi aka auna, sai aka tarar a tsakaice kowannensu ya rasa kusan kilo ɗaya na tsoka a ƙafafu kawai, ƙarfin ƙafar kuma ya ragu da wajen kashi 16 cikin ɗari. Kwana goma fa! To ina ga wanda ya shekara goma a kan dakali?

Amma babban abin da ya kamata kowane ɗan'uwa ya sani, wanda kuma ya sauya tunanin likitocin duniya game da tsufa, shi ne abin da ya faru a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston, nan ma a Amurka. Kafin lokacin, abin da akasarin likitoci suka ɗauka shi ne tsoho tukuf ba shi da sauran abin da za a gina a jikinsa, kuma aza masa nauyi ganganci ne, sai dai a lallaɓa shi. Wata likita mai suna Maria Fiatarone da abokan aikinta ba su yarda da wannan ba. Suka zaɓi mutum 10 daga cikin mazauna gidan, maza da mata, ƙaraminsu yana da shekara 86, babbansu 96. Ba wasu zaɓaɓɓun ƙarfafa ba ne, raunana ne, masu fama da cututtuka iri-iri, mafi yawansu da sanda ko wani abin dogarawa suke tafiya. Aka riƙa zaunar da su a kan na'ura suna ɗaga nauyi da ƙafa, suna miƙe gwiwa suna saukewa, sau uku a mako. Nauyin ma ba na wasa ba, kashi 80 cikin ɗari na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya, kuma duk lokacin da ƙarfi ya ƙaru sai a ƙara nauyi.

Bayan mako 8, mutum 9 suka kammala. Sakamakon da aka buga a 1990 ya nuna ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a tsakaice, wato ya kusa ninkawa uku. Hoton cikin cinya ya nuna tsokar kanta ta ƙara kauri da kashi 9 cikin ɗari. Biyu daga cikinsu suka ajiye sanda. Ɗaya daga cikin ukun da ba sa iya tashi daga kujera sai sun dafa ya koma yana tashi ba dafawa. Mutane ne fa 'yan shekara casa'in, waɗanda da a gidajen nan suke da tuni an hana su ko ɗaukar kofin shayi.

Mai gardama zai ce mutum goma ai ba hujja ba ce. Gaskiyarsa. Shi ya sa aka sake gwajin da mutum 100, 'yan shekara 72 zuwa 98, na tsawon mako 10, aka buga a 1994. Waɗanda suka ɗaga nauyi ƙarfinsu ya ƙaru da kashi 113 cikin ɗari, saurin tafiyarsu da ƙarfin hawan bene duk suka inganta. A wannan karon an ware wasu aka riƙa ba su abin sha mai gina jiki kawai ba tare da ɗaga nauyi ba, su kuwa ba a ga wani ƙarin ƙarfi a tare da su ba. A nan akwai darasi ga mai son iyayensa da yake ganin idan ya cika wa Baba ɗaki da madara da Bournvita ya gama hidima. Daɗin daɗawa, a gwajin farko da aka dakatar da atisayen na mako 4, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. Ashe abin ba magani ba ne da za a sha na kwana bakwai a ajiye kwalba.

To me ya sa ake ta nanata ƙafa da cinya? Saboda 'yancin tsoho a nan yake. Da su zai tashi daga tabarma, da su zai tsuguna a makewayi ya miƙe ba tare da ya kira kowa ba, da su zai ɗago daga sujada ya tsaya. Duk wanda yake lura ya ga yadda kujerun roba suke ƙaruwa a ƙarshen sahu, kuma ba duka masu zama a kansu ne suka kai saba'in ba. Babu laifi a kan mai uzuri, an yi masa rangwame, amma a tambayi kowane ɗaya daga cikinsu, zai ce da zai samu ya koma yana kai goshinsa ƙasa da ya fi masa komai. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ranar da dattijon da ya yi shekara hamsin yana ba da umarni a gidansa zai zama sai ɗansa ya riƙe shi a bayi. Da yawansu wannan kunyar ta fi cutar kanta karya musu zuciya.

Sannan ga faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa wajen mutum 684,000 ne suke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi ɗauka. Santsin bakin rijiya, dokin ƙofa, gefen tabarma da ya naɗe, sun ishi tsoho. Idan ƙashin ƙugu ya karye, ko an kai ga mai ɗori ko an kai asibiti, kwanciya ce ta makonni, kwanciyar kuma an ga abin da take yi wa tsoka a kwana goma. A ƙasashen da ake da alƙaluma, wajen mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara. Kowa ya san wani gida da aka ce “tun da ya faɗi ɗin nan bai sake tashi ba.”

Wani likita a birnin Riyo na ƙasar Barazil, Claudio Gil Araujo, ya fito da wani gwaji da ba ya bukatar ko sisi: mutum ya zauna a ƙasa daga tsaye, sannan ya miƙe, ba tare da ya dafa hannu ko ya sa gwiwa ba. Maki 10 ne, biyar na zama biyar na tashi, duk dafawa ɗaya a cire maki ɗaya. Shi da abokan aikinsa sun gwada mutum 2,002 'yan shekara 51 zuwa 80, suka bi su na wajen shekara shida, suka fitar da sakamako a 2012: masu maki 3 zuwa ƙasa sun ninka masu maki 8 zuwa sama sau biyar zuwa shida wajen yawan mutuwa a wannan tsakani. Wannan ba duba ba ne, ajali yana hannun Mai shi. Abin da gwajin yake tonawa shi ne halin da tsoka da gaɓoɓi suke ciki. Kuma a nan mai zaman tabarma ya fi mai zaman kushin riba, domin shi kullum sai ya yi wannan gwaji sau goma ko fiye bai ma sani ba, har ranar da 'ya'ya za su sayo masa kujera mai laushi su ce ya daina wahala.

Ƙashi ma haka yake. Tun 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai da nauyin da ake aza masa. 'Yan sama jannati sun tabbatar da maganarsa, domin a can inda jiki ba shi da nauyi sukan rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙwarin ƙashinsu duk wata, shi ya sa ake tilasta musu motsa jiki na wajen awa biyu kullum. Wannan ya fi shafar iyaye mata, waɗanda ƙashinsu yake saurin lalacewa bayan ɗaukewar al'ada. A Jami'ar Griffith ta Ostireliya an gwada mata 101 masu raunin ƙashi, rabinsu aka sa su ɗaga ƙarfe mai nauyi na minti 30 sau biyu a mako har wata 8 a ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, na sauran kuwa raguwa ya yi. Kakannin da suka tashi da taɓarya da guga da tulu a ka, wannan atisayen suke yi ba da saninsu ba, kafin injin niƙa da famfo su zo. Ba ana cewa a mayar da Inna bakin turmi ba ne, amma abin da injin ya ɗauke dole a nemo madadinsa. Haka nan tsoka ita ce babbar rumbun da jiki yake zuba sukarin da ya fito daga tuwo da shinkafa; idan rumbun ya ƙanƙance, sai sukarin ya yi ta yawo a jini.

Yanzu a dawo kan matashi, wanda zai ce shi ina ruwansa, shekararsa 22, jini na tafasa. Ruwansa kuwa shi ne mafi yawa. Ƙashi yakan kai iyakar ƙwarinsa ne a wajen shekara 30, tsoka ma a wannan tsakanin take kan ganiyarta, daga nan sai cin abin da aka tara. Wanda ya shiga arba'in da rumbu cike, ko ana ɗiba kowace shekara zai daɗe bai ga ƙasan rumbun ba. Wanda ya shiga da rabi fa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin takaici kuma shi ne samarin yau sun fara zaman dakali tun kafin a girke su. Uban ya yi noma, ya yi dako, ya taka ƙasa daga wannan ƙauye zuwa wancan, shi ya sa har ya kai sittin da sauransa. Ɗan kuwa daga kan babur sai benci, daga benci sai shago, kai a sunkuye a kan waya tun hantsi har dare, ko bakin titi za shi sai ya tsayar da Keke. Idan wanda ya yi noma shekara arba'in ya ƙare a haka bayan an zaunar da shi, yaya wanda bai taɓa tashi ba zai ƙare?

Akwai masu cewa ɗaga ƙarfe aikin 'yan daba ne da masu son a gani. Lallai akwai masu yi don su cika riga su tsorata unguwa, har wasu su kai ga allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka, waɗanda suke lalata hanta da zuciya su kuma taɓa haihuwa. Wannan ɓata ce, kuma ba ita ake magana ba. Wuƙa ba ta zama haramun don wani ya yi ta'asa da ita. Akwai kuma masu cewa ai suna buga ƙwallo ko suna tafiya a ƙasa, ya wadatar. Tafiya tana da kyau ƙwarai ga zuciya da huhu, sai dai ba ta kiran zaruruwan nan masu zabura. Shi ya sa a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, bayan minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, ta ware cewa kowane baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, wanda ya kai 65 kuma ya haɗa da na daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Manomi da maƙeri da ɗan dako da mai ga-ruwa suna samun nasu a wurin aiki, matuƙar suna aikin. Tela da direba da malamin makaranta da mai tireda da ɗalibi, su kam sai sun nema.

Neman kuma ba ya bukatar kuɗin shiga wani gidan motsa jiki. Jarka mai lita 25 idan an cika ta da ruwa kilo 25 ce. A ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, a taka da su zuwa ƙarshen layi a dawo, an yi aikin hannu da baya da ƙafa gaba ɗaya, gida kuma ya samu ruwa. A rungume rabin buhun yashi a ƙirji a tsuguna a miƙe. Wannan tsuguna-tashin da malamai suke horon masu makara da shi a firamare, ashe gata ake yi musu. A kifa ciki a dafa ƙasa da tafuka a riƙa tura jiki sama. A kama reshe mai ƙwari ko ƙarfen ƙofa a ja jiki har haɓa ta wuce. Kowanne a yi sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita sau biyu ko uku, a bar kwana ɗaya tsakani domin a lokacin hutu tsokar take ginuwa. Sirrin duka ɗaya ne, shi ne wanda aka bi a Boston: idan nauyi ya zama wasa, a ƙara. Mutanen Girka na dā suna ba da labarin wani ɗan kokawarsu mai suna Milo, wai ya fara saɓa maraƙi a kafaɗa tun ranar da aka haife shi, kullum sai ya ɗauka, har maraƙin ya zama bijimi yana ɗauka. Ko labarin ƙanzon kurege ne, ƙa'idar da ke cikinsa daidai take.

Abinci kuma ba sai na gwangwani ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, har fara a lokacinta, duk suna gina tsoka. Tsoho ma ya fi saurayi bukatar a kula masa da wannan, domin jikinsa ba ya morar abincin kamar dā, ga haƙora sun yi ƙaranci, sai a bar shi da koko da kunu safe da yamma.

Saura yadda za a tunkari Baba, wanda shi ne mai wuyar. Ba za a shigo masa da jarka biyu a ce ya ɗauka ba, kuma ɗa ba ya tsayawa a kan mahaifinsa yana ba shi oda kamar kurtu. Idan yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ko ciwon gwiwa mai tsanani, a fara jin ta bakin likita. In an samu izini, a fara da kujera mai ƙwari a jingine da bango: ya zauna ya tashi sau biyar, da dafawa in ta kama, bayan mako biyu a gwada ba dafawa, a kai goma. Ya tsaya ya dafa bango ya riƙa ɗaga dugadugansa. Ya riƙe gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu yana ɗagawa. Kada ya riƙe numfashi yayin yunƙuri, kuma da ya ji jiri ko ciwon ƙirji a tsaya nan take. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu a farko ba abin tsoro ba ne. Dabarar da ta fi ci ita ce ɗan ya zauna kusa da shi su yi tare, ko a turo jika ya riƙa ƙirga masa, domin abin da tsoho zai ƙi yi wa ɗansa yakan yi wa jikansa yana dariya yana tsokanarsa.

Kafin duk wannan ma, akwai abin da za a iya farawa yau da la'asar ba tare da an ce masa komai ba. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki butarsa, a bar shi ya ɗauka. Idan ya ce zai taka zuwa masallaci ko majalisa, a ajiye makullin babur a bi shi a ƙafa, ana tafe ana hira, ana kusa da shi ko da zai yi tuntuɓe. Idan damina ta zo ya nemi fartanyarsa, a ware masa kunya biyar ko goma a bayan gida, a ɗauki wata fartanyar a kama kunyar da ke kusa da tasa.